Yadda Ake Feɗe Babbar Lamba Har Wutsiya

Wata Asabar bayan la'asar na leƙa shagon kawuna a Kantin Kwari, na tarar da shi ya tasa kalkuleta a gaba yana ta dannawa yana gogewa. Shi da abokan cinikinsa ne suka haɗa jari suka sayo dilolin shadda, kaya suka ƙare, riba ta tsaya a kan N1,101,240. Jarin kashi 16 ne. Duk danna da ya yi sai ta ba shi 68,827.5.

"Malam, zo ka duba mini. Wannan ɗigo biyar ɗin da ya maƙale a baya na mene ne?"

"Sule biyar ne, Kawu."

"Sule biyar? A Kanon nan? Ko mai ruwan leda ba zai kalle ta ba."

Sai ya yi mini tambayar da ta fi ta farko daɗi: to wai kuɗin nan, gida nawa za a iya kasa su ba tare da an nemi canji ba? Na jawo kwalin da ake naɗe shadda a jiki, na ari bironsa, kafin a kira magariba na ce masa hanya 192 ce. Ya ɗauka duba na yi masa. Ba duba ba ne, hanya ce da kowa zai iya bi da biro da takarda, kuma ita zan shimfiɗa a nan da wannan lambar tasa. Duk inda na ce wata lamba ta raba wata, ina nufin rabo cif, babu saura.

Da farko, karanta ta daidai

Sa waƙafi daga dama, alƙaluma uku-uku: 1,101,240. Kada ka raina wannan, domin a bakin Bahaushe akwai tarko. In ka ce "dubu ɗari da ɗaya", wani zai rubuta 101,000, wani 100,001, kuma kowannensu yana da hujja. 'Yan kasuwa sun warware matsalar da maimaita dubu: miliyan ɗaya da dubu ɗari da dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in. Haka za ka faɗa in kana karanta wa wani ta waya. Na sha ganin ɗalibi ya yi aiki mai kyau na shafi guda a kan lambar da ya kwafa ba daidai ba.

Sai ka duba wutsiyarta

Alƙalamin ƙarshe shi ke faɗa maka cika ce ko mara, wato shafa'i ce ko wutiri. In ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, cika ce, 2 ta raba ta. In ta ƙare da 0 ko 5, 5 ta raba ta. Tamu ta ƙare da sifiri, saboda haka 2 da 5 da 10 duk sun shiga.

Don sanin ko 4 za ta raba ta, ɗauki alƙaluma biyu na ƙarshe kawai, ka manta da sauran. Dalili shi ne 4 tana raba ɗari, kuma duk abin da ke gaban alƙaluma biyun nan ɗaruruwa ne, ba su da matsala. Namu 40 ne, 4 ta raba shi. Ga 8 kuwa alƙaluma uku ake dubawa, tunda 8 tana raba dubu: 240 ÷ 8 = 30. Ta shiga. Ga 16 alƙaluma huɗu: 1,240 ÷ 16 = 77 da saura 8. A nan ne sule biyar ɗin Kawu ta fito, domin in ka kasa naira takwas gida goma sha shida kowa rabin naira zai samu. Ga 25 ma wutsiya ake dubawa, sai in ta ƙare da 00, 25, 50 ko 75. Tamu ba ta ciki.

Tara alƙalumanta

1 + 1 + 0 + 1 + 2 + 4 + 0 = 9. In 3 ta raba jimillar, ta raba lambar. In 9 ta raba jimillar, ita ma ta raba lambar. Tamu duka biyun sun shiga.

Yara da yawa sun haddace wannan dokar kamar karatun allo ba su san dalilinta ba, alhali dalilin yana cikin aljihunsu. Ka raba naira goma ga mutum tara, naira ɗaya za ta rage. Ka raba ɗari, kowa ya sami sha ɗaya, ɗaya ta rage. Ka raba dubu, kowa ya sami 111, ɗaya ta rage. Kowace takarda ta goma, ta ɗari ko ta dubu, naira ɗaya take bari. Saboda haka in kana da takardun ɗari guda biyu da na goma guda huɗu, abin da zai rage 2 da 4 ne, wato alƙaluman da kansu. Tara alƙaluma tara ragowa ne kawai. Shi ya sa ko da 9 ba ta raba lamba ba, jimillar tana faɗa maka nawa zai saura: 5,000 a gida tara, saura 5.

Daga nan wasu suna zuwa kyauta. In 2 da 3 sun shiga, 6 ta shiga. In 3 da 4 sun shiga, 12 ta shiga. In 3 da 8, to 24. Amma a yi hattara, wannan haɗin yana aiki ne kawai in lambobin biyu ba su da wata mai raba su tare. 4 da 6 duk suna raba 12, amma 24 ba ta raba 12, saboda su biyun sun yi tarayya a kan 2.

Dabarar dubu da ɗaya

Akwai dokoki daban-daban na 7 da 11 da 13 a littattafai, wasu suna da wahalar da ta fi rabawar kanta. Ni guda ɗaya nake koyarwa, mai jifan tsuntsu uku da dutse ɗaya. Sirrinta shi ne 7 × 11 × 13 = 1,001.

Yanka lambar a kan waƙafinta: 1 da 101 da 240. Fara daga dama, ɗebe na biyu, ƙara na uku, ɗebe na huɗu in akwai, haka har ƙarshe. 240 − 101 + 1 = 140. Yanzu 140 kaɗai za ka tuhuma. 7 ta raba 140, saboda haka ta raba babbar. 11 ba ta raba shi ba, saura 8. 13 ma ba ta raba ba, saura 10. In lissafin ya faɗa ƙasa da sifiri kada ka damu, ɗauki bambancin kawai. In sifiri ya fito, duka ukun sun shiga.

Me ya sa take aiki? Dubu ɗaya naira ɗaya ta rage mata ta cika 1,001. Kowace dubu ke nan tamkar bashin naira ɗaya ce, shi ya sa ake ɗebe gungun dubbai. Miliyan kuwa 999 × 1,001 ce da ƙarin ɗaya, shi ya sa ake ƙara gungunta.

Feɗewar kanta

Duk abin da muka yi a baya shafa jikin dabbar ne. Yanzu za a sa wuƙa, kuma in za ka riƙe mataki ɗaya tak a cikin wannan rubutu, to ka riƙe wannan, domin sauran halayen lamba kusan duka daga nan ake karanto su.

Akwai lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31 da sauransu. 'Yan boko suna cewa firam, masu karatun Larabci suna cewa adadi awwali, ni a ajina gagara-rabo nake kiransu. Akwai 25 a ƙasa da ɗari, 168 a ƙasa da dubu, kuma ba sa ƙarewa, abin da Uƙlidis na Iskandariya ya tabbatar tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba a lissafa 1 a cikinsu. Duk wata lamba da ta wuce 1, ko dai ita gagara-rabo ce, ko an gina ta ne da ninka gagara-rabo, kuma ginin hanya ɗaya yake da ita. Ko ta ka ka fara yanka ko ta ƙafa, gaɓoɓin da za ka samu ba sa canzawa. Kamaluddin al-Farisi, masanin Farisa da ya rasu a farkon ƙarni na 14, ya yi aiki a kan wannan, Gauss na Jamus ya kawo cikakkiyar hujjarsa a 1801.

Ja layi a tsaye a takardarka. Lambar a hagu, abin da ka raba da shi a dama.

1,101,240 ÷ 2 = 550,620
550,620 ÷ 2 = 275,310
275,310 ÷ 2 = 137,655

Ta zama mara, 2 ta gama aikinta, sau uku ta shiga. Cire 5 tun tana gabanka: 137,655 ÷ 5 = 27,531. Dakata a nan ka lura da wani abu. 2 × 2 × 2 × 5 arba'in ne, wato 27,531 shi ne kashi ɗaya cikin arba'in na kuɗin, gwargwadon da ake fitarwa a zakkar kuɗi. Kawu da ya ga haka sai ya gyara zama.

Jimillar alƙaluman 27,531 ita ce 18, saboda haka 9 ta shiga: 27,531 ÷ 9 = 3,059. Kada ka wuce, sake gwada 3 a kan abin da ya rage. 3 + 0 + 5 + 9 = 17, ba ta shiga. Kuskuren da ya fi yawa ke nan, mutum ya cire lamba sau ɗaya ya yi gaba alhali tana nan a ciki. Sai 7: 3,059 ÷ 7 = 437. Sake gwada ta: 7 × 62 = 434, saura 3. Ta gama.

To ga 437 ta tsaya tana kallonka. Mara ce, 3 ba ta shiga, 5 ba ta shiga, 11 da 13 mun riga mun sallame su. A nan mutane ke gajiya su ce gagara-rabo ce. Tambayar ita ce, sai yaushe ne ya halatta ka daina gwaji? Nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta kai ko ta ɗara abin da ke hannunka. 20 × 20 = 400, 21 × 21 = 441. Iyakarka ke nan, ba sai ka wuce 20 ba. Dalili: masu raba lamba tagwaye suke zuwa, ƙarama da babba. In dukansu biyu sun wuce 21, ninkinsu zai wuce 441. Dole ɗaya ta kasance a ƙasa, kuma in ka kama ta za ta nuna maka 'yar'uwarta. Saura gwaji biyu ke nan kacal. 17 × 25 = 425, saura 12, ba ta shiga. 19 × 23 = 437. Ashe ba gagara-rabo ba ce, lulluɓi ta yi.

Akwai wata gajeriyar hanya da ta dace da irin wannan, ta Fermat, wani lauya Bafaranshe na ƙarni na 17 wanda lissafi ya zame masa abin hira. Ɗauki 441 ɗin nan ka ɗebe 437, saura 4, wato 2 × 2. Duk lokacin da bambancin ya zama lamba ninkin kanta haka, ka gama: 21 − 2 = 19, 21 + 2 = 23. In bai fito ba sai ka matsa zuwa 22 × 22, haka dai. Tana da sauri in tagwayen suna kusa da juna, in sun yi nisa kuwa gara ka koma gwaji ɗaya bayan ɗaya. Gwada ta a kan 391 da 899 ka gani.

Ga dabbar a shimfiɗe:

1,101,240 = 2³ × 3² × 5 × 7 × 19 × 23

Ƙaramin alƙalamin da ke sama yana nuna sau nawa lambar ta shiga. Zan riƙa kiransa hawa: biyu hawa uku, uku hawa biyu, sauran hawa ɗaya-ɗaya.

Kafin ka yi gaba, mayar da gaɓoɓin ka ga ko za su ba ka dabbarka. 8 × 9 × 5 × 7 = 2,520, sannan 2,520 × 437 = 1,101,240. In kana son duba mataki guda cikin sauri, yi amfani da tara alƙaluma. A 7 × 437 = 3,059: 437 ta koma 14, ta koma 5; 7 × 5 = 35, ta koma 8; 3,059 ta koma 17, ta koma 8. Sun dace. Sai dai wannan awon ba ya kama wanda ya juya alƙaluma, 3,095 ma 8 za ta ba ka. Tsofaffin akawu sun mayar da wannan raunin makami: in littafi da kuɗin aljihun tebur suka saɓa, kuma 9 ta raba bambancin, abin da suke fara nema shi ne inda aka rubuta 95 a maimakon 59.

Masu raba ta su nawa ne?

Ƙara 1 a kan kowane hawa, sannan ka ninka su: 4 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 192. Ga inda amsar Kawu ta fito.

Ka ɗauka cefane kake haɗawa daga gaɓoɓin. A wajen 2 kana da zaɓi huɗu: kada ka ɗauka, ko ɗaya, ko biyu, ko uku. A wajen 3 zaɓi uku. Sauran huɗun kowanne zaɓi biyu, ɗauka ko bari. Duk haɗin da ka yi mai raba lambar ne, kuma babu wani mai raba ta da ba a cikin haɗin yake ba. Gwada da 12, wato 2² × 3: 3 × 2 = 6, ga su nan, 1, 2, 3, 4, 6, 12.

Yanzu ba ka bukatar kalkuleta don amsa ko wata lamba za ta shiga. 16 tana son 2 sau huɗu, uku muke da su. 25 tana son 5 sau biyu. 18 kuwa 2 × 3 × 3 ce, duk muna da su. Daga 1 zuwa 10 babu wadda ba ta shiga, saboda 2,520 da ke cikinta ita ce lamba mafi ƙanƙanta da dukansu goma suke rabawa. Hanyar tuna ta: kwanakin mako 7, sau kwanakin wata 30, sau watanni 12.

Malaman rabon gado sun daɗe a wannan gonar. Kason da aka yanke rabi ne, da rubu'i, da sumuni, da sulusi biyu, da sulusi, da sudusi, shi ya sa asalin mas'ala yake tashi daga 2, 3, 4, 6, 8, 12 ko 24. Lambarmu 24 ta raba ta, kowane kashi 45,885, sumuninta 137,655, sudusinta 183,540. Amma in mas'alar ta yi auli, wato kason magada ya taru ya zarce asalin, daga 24 ta hau 27, kamar inda aka bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, sai an yi canji, domin 27 tana son 3 sau uku, mu kuwa biyu gare mu. Saura 18 za ta rage.

Kawu dai da ya ga 18 a jerin da na rubuta masa, sai ya ce zai tuntuɓi abokansa a ware wa yaran shago biyu kashi ɗaya-ɗaya, tunda su suka sha ɗaukar diloli. Kashi 18, kowanne N61,180 cif.

Mai rara ce, mai giɓi, ko kammalalla?

Wannan rabe-raben tsoho ne. Nikomakus, mutumin Jarash da ke ƙasar Jodan ta yau, ya rubuta shi wajen shekara ta 100 miladiyya, Sabit ɗan Ƙurra ya mayar da littafinsa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. A Larabce ana cewa za'id da naƙis da tamm. Abin da ake yi shi ne a tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimillar ta wuce ta, mai rara ce. In ta gaza, mai giɓi ce. In ta zo daidai, kammalalla ce.

Ba za ka zauna tara lambobi 191 ba. Ga kowace gaɓa, tara hawanta tun daga 1. Ta 2: 1 + 2 + 4 + 8 = 15. Ta 3: 1 + 3 + 9 = 13. Ta 5: 6. Ta 7: 8. Ta 19: 20. Ta 23: 24. Ninka su duka: 15 × 13 × 6 × 8 × 20 × 24 = 4,492,800. Wannan jimillar ta haɗa da lambar kanta, sai ka ɗebe ta, saura 3,391,560. Ta ninka lambarmu sau uku har da ɗoriya. Mai rara ce ta gaske.

Da hukuncin kaɗai kake so, da ba sai ka sha wannan wahalar ba. Duk lambar da 6 ta raba, in dai ta wuce 6, mai rara ce, saboda rabinta da sulusinta da sudusinta sun riga sun cika ta: 550,620 + 367,080 + 183,540 = 1,101,240. Ko 1 ka ɗora a kai an sami rara. Haka kuma duk ninkin mai rara mai rara ne. Kusan ɗaya cikin huɗu na lambobi masu rara ne, kuma yawancinsu cika ne. Mara ta farko mai rara sai ka kai 945 za ka gamu da ita. Gagara-rabo kuwa su ne talakawan garin, jimillarsu 1 ce kullum.

Kammalallu sun fi zinare wuya: 6, 28, 496, 8,128, daga nan sai 33,550,336. Uƙlidis ya gano yadda ake ƙera su, Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Switzerland, ya tabbatar a ƙarni na 18 cewa duk kammalalla cika ta wannan ƙirar ce. Har yau ba a sami kammalalla mara ba, kuma ba a tabbatar da cewa babu ita ba. Akwai kuma aminan juna, irin 220 da 284: masu raba 220 sun taru sun ba da 284, masu raba 284 sun ba da 220. Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya bar ƙa'idar nemo irinsu.

Siffarta, a taƙaice

Murabba'i ce, wato wata lamba ce aka ninka da kanta? Sai in duk hawanta cika ne. Tamu tana da hawa uku da hawa ɗaya-ɗaya, ba ita ba ce. Tana zaune ne tsakanin 1,049 × 1,049 = 1,100,401 da 1,050 × 1,050 = 1,102,500. Ko ba ka feɗe ba wutsiya tana taimakawa: murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8, kuma ba ya ƙarewa da sifiri ɗaya tilo.

Za ta jeru kamar gwangwanayen madara a gaban kanti, ɗaya a sama, biyu a ƙasansa, uku, huɗu, har ƙasa? Irin waɗannan su ne 1, 3, 6, 10, 15. Ninka lambar sau 8 ka ƙara 1, in murabba'i ya fito to za ta jeru. Namu 8,809,921 ne, ya faɗa tsakanin murabba'in 2,968 da na 2,969. Ba za ta jeru ba.

A intanet za ka ga shafukan da ke jero wa lamba sunaye ashirin ko talatin: tana karantuwa gaba da baya, jimillar alƙalumanta tana raba ta, da makamantansu. Suna da daɗin wasa, amma ni a wurina ado ne, ba hali ba, domin sun rataya ne a kan cewa da goma-goma muke ƙirga. Kwamfuta da biyu-biyu take ƙirga, a wurinta lambar Kawu ita ce 100001100110110111000. Adon duk ya zube, amma dubi sifiri ukun da ke wutsiya: biyu hawa ukun nan ne, yana nan daram.

Inda biro yake gazawa

Lambar Kawu mai sauƙin kai ce, gaɓoɓinta ƙanana ne. In abin da ya rage a hannunka bai kai miliyan ba, gwaji 168 ne mafi yawa, ana iya yi da kalkuleta da haƙuri. Ka dai kula da kayan aikinka: kalkuletar shago alƙaluma 8 zuwa 12 take ɗauka, Excel kuma, manhajar lissafi ta kwamfuta, in lamba ta wuce alƙaluma 15 sai ya mayar da na ƙarshe sifiri bai yi maka sallama ba.

In lambar ta kai alƙaluma ɗaruruwa, kuma gagara-rabo biyu manya ne aka ninka, ko kwamfuta sai ta yi gumi. A 2020 wasu masana suka feɗe wata mai alƙaluma 250, aikin da ya ci kwatankwacin shekara 2,700 na ƙwaƙwalwar kwamfuta guda, sai da aka raba shi ga injuna masu yawa. A kan wannan wahalar aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977, wanda yana cikin makullan da ke tsare mu'amalar banki ta intanet. Abin mamaki, gane cewa lamba gagara-rabo ce ya fi feɗe ta sauƙi nesa ba kusa ba. A watan Oktoba na 2024 aka tabbatar da wata mai alƙaluma 41,024,320, wato biyu hawa 136,279,841 a ɗebe ɗaya.

Ga wadda za ka gwada hannunka a kai, ta gida: 9,401,288, yawan mutanen Jihar Kano a ƙidayar 2006. Wutsiyarta 288, 8 ta shiga, saura 1,175,161. Jimillar alƙaluma 32, babu 3. Dabarar dubu da ɗaya: 288 − 401 + 9, bambancin 104 ne, wato 8 × 13, saboda haka 13 ta shiga, 7 da 11 ba su shiga ba. 1,175,161 ÷ 13 = 90,397. Iyakar gwajinka 300, gagara-rabo 62 ke ƙasa da ita, na ƙarshensu 293. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, shayina har ya huce, babu wadda ta shiga. Ke nan 2³ × 13 × 90,397, masu raba ta 16 kacal duk da ta ninka ta Kawu sau takwas da ɗoriya. Mai rara ce, amma da ƙyar, rarar 181,004. Tunda 11 ba ta ciki, 44 ma ba za ta shiga ba: in ka kasa mutanen daidai wa daida a ƙananan hukumomi 44 na jihar, kowace za ta sami 213,665, mutum 28 su rage a tsaye.